Tsakanin zargi da tuhuma da ƙazafi

Wata matashiya da ta fara aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo ce ta aiko da tambaya. Ta ce ta rubuta, "'Yan sanda sun kama ɓarawon da ake tuhuma da satar babur," sai editanta ya ja wa jimlar layi, ya ce kalmomi biyu ba su zauna a mazauninsu ba, ya wuce abinsa. Tana son sanin ainihin ma'anar zargi, da inda ya rabu da tuhuma, da lokacin da ake cewa ƙazafi.

'Yata, editan naki ya yi gaskiya, rowar bayani kawai ya yi miki. Na yi shekaru ina aikin tafinta a kotu kafin in koma aji ina koyar da fassara, kuma a kotun ne na gane cewa waɗannan kalmomi ba zannuwa ba ne da mutum zai zaɓi wanda ya fi yi masa kyau. Kowace ɗaya tana faɗin iyakar abin da mai magana ya sani, da yawan hujjar da za a bi shi bashi in an ce ya kawo.

Bari mu fara da zargi, don shi ne ya fi rikita mutane. Abin da ya sa yake rikitarwa shi ne kaya uku yake ɗauke da su, kuma duka ukun Hausa ce sahihiya.

Na farko shi ne ganin laifi. Abu ya riga ya faru, an san wanda ya yi, babu gardama a kai, abin da ya rage kawai a ce masa bai kyauta ba. Uba ya ce wa ɗansa, "Na hana ka abota da yaran nan, in wani abu ya same ka kada ka zargi kowa." Nan babu shakka ko kokwanto, zancen waye zai ɗauki alhaki ake yi. Wannan ma'anar ce za ki riƙa ji a bakin malaman tafsiri. A Suratu Ibrahim aya ta 22, inda Shaiɗan yake kakkaɓe hannunsa daga mabiyansa ranar ƙiyama, masu fassara kan ce, kada ku zarge ni, ku zargi kanku. A Suratul Ƙiyama aya ta 2 akwai rai mai yawan zargin kansa. A Suratu Yusuf aya ta 32, bayan matan birni sun yanyanke hannuwansu, matar Azizu ta ce musu wannan ne wanda kuka zarge ni a kansa. Matan nan ba shakka suke yi ko tana son Yusufu ba, labari ya riga ya gama gari. Laifinta suke gani. Daga nan ne muka sami "abin zargi", wato aikin da mai yinsa ya cancanci a ga baikensa.

Na biyu shi ne wanda ke zaune a zuci. Ba ki gani ba, ba ki kama ba, amma ranki ya tafi kan wani. Wannan ɗan'uwan zato ne, sai dai zato yana iya zama na alheri, ana cewa "ina yi masa kyakkyawan zato", shi kuwa zargi ba ya zuwa sai da mugun abu. Ba wanda zai ce yana zargin maƙwabcinsa da yawan sadaka, sai in da wasa yake.

Irin wannan zargin a gidajenmu ba kasafai ake furta shi kai tsaye ba. Kuɗin cefane ya ɓace daga ƙarƙashin matashi. Uwargida ta fito tsakar gida tana ɗaura zani, ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Ni dai na san inda na ajiye kuɗina, kuma kuɗi ba su da ƙafa." Kowa ya yi tsit. Amarya ta ci gaba da tankaɗe, yara suka sunkuyar da kai. Can sai 'yar riƙon da ke wanke-wanke ta ce, "Wallahi Inna ko ɗakinki ban shiga ba yau." Nan take a ce ta tsargu, wata ta ƙara da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsarguwa ke nan, mutum ya ji a jikinsa cewa da shi ake ko da ba a kama sunansa ba. Ni dai ban cika yarda da wannan karin magana ba. Wanda ya saba duk abin da ya ɓace shi ake fara kallo, 'yar riƙo ko almajirin gida ko ɗan aiki, shi ne zai fara kare kansa ko da aljihunsa wayam yake. Sau da yawa mai kazar na gaske yana gefe ya yi fuska.

Na uku shi ne wanda aikinki ya fi shafa: a fito fili a jingina wa mutum wani aiki wanda ba a kai ga tabbatarwa ba. "Jam'iyyar adawa ta zargi gwamnati da karkatar da kuɗin taki." Tun daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, zuwa sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da gidajen rediyon da suka biyo baya, mai rubuta labari yana bukatar kalmar da za ta nuna cewa an dai faɗa, amma ba shi ya faɗa ba, kuma ba a tabbatar ba. Zargi ne ya ɗauki wannan aiki, har ya zama yau matasa da yawa wannan ma'anar kaɗai suka sani.

Yadda za ki bambance su ba wuya. Idan kin ji "ina zarginsa" ko "tana zargin mijinta", kusan kullum na zuci ake nufi. Idan kin ji "kada ka zarge ni" ko "ka zargi kanka", ganin laifi ne. Idan kuwa aka ce wane ya zargi wane da kaza, aka kawo wannan "da" ɗin tare da sunan aikin, to jinginawa ce a fili. Wurin da ake samun harshen damo shi ne irin "ban zarge ki ba", domin tana iya nufin ban yi tunanin ke kika yi ba, tana kuma iya nufin na san ke kika yi amma ban ga laifinki ba. A hira yanayi yakan warware. A rubutu kuwa, in ta biyun kike nufi, ki rubuta "ban ga laifinki ba" ki huta.

Ga kuma ɗan nahawu, tunda ina yawan jin ana tuntuɓe da shi a rediyo. Ƙarshen aikatau ɗin yana sauyawa gwargwadon abin da ya biyo baya. In suna ne ya biyo, sai a ce sun zargi shugaban ƙaramar hukuma. In wakilin suna ne, sun zarge shi. In ba abin da ya biyo, shi ne mutumin da suka zarga. Don haka "sun zarge shugaban" da "sun zargi shi" duk kuskure ne. Tuhuma ma haka take tafiya: sun tuhumi direban, sun tuhume shi, wanda suka tuhuma. Inda suka rabu shi ne jinsi. Zargi namiji ne, shi ya sa ake cewa zarginsa, zargin da ake yi masa. Tuhuma mace ce, sai a ce tuhumarsa, tuhumar da ake yi masa. Jam'insu zarge-zarge da tuhume-tuhume. Akwai wani "zarga" dabam na igiya, kamar a ce ya zarga wa akuya igiya a wuya. Rubutunsu ɗaya ne, karin sautinsu ne ya bambanta: na igiya yana farawa sama ya sauka, na laifi yana farawa ƙasa ya hau. Ɗalibaina kan ce ai duk ɗaya ne, wanda aka zarga an zarga masa igiya. Wasa da kalma ne mai daɗi, amma kada ki kai shi jarrabawa.

Tuhuma daga Larabci muka aro ta, kuma a can ma'anarta ta haɗa da mugun zato da jingina laifi. Da ta shigo Hausa sai ta ƙara wani kaya: fuskantar mutum a nemi ya yi bayani. Zargi ana iya yinsa a bayan idon mutum, yana iya shekara goma a zuci mai shi bai sani ba. Tuhuma kuwa sai an tsayar da kai an ce ka amsa. Shi ya sa mace za ta ce wa mijinta, "Wai tuhumata kake yi ne?" in ya jera mata tambayoyin ina kika je, wa kika gani, me ya sa kika daɗe. Shi ya sa kuma takardar da shugaban ma'aikata ke ba wanda ya yi fashin aiki, a ce ya kare kansa a rubuce, ake kiranta takardar tuhuma. Galibi tuhuma daga sama take saukowa, daga wanda yake da ikon tambaya. Yaro yana iya zargin babansa a ransa, amma in aka ce yana tuhumar babansa, kowa zai ce yaron ba shi da kunya.

A harshen shari'a da labarai sai aka ƙara tsuke ta. Tuhuma ita ce laifin da aka rubuta, aka ambaci sashen dokar da ake cewa an karya, aka karanta wa mutum a gaban alƙali. Ita ce mutanen gari ke kira caji, wadda ta ba mu "caji ofis". Daga lokacin da 'yan sanda suka kama mutum har zuwa ranar da za a gurfanar da shi, sunansa wanda ake zargi. Ranar da aka karanta masa laifin a kotu ya koma wanda ake tuhuma. In rigimar ta bashi ce ko gado ko iyakar gona, ba ta laifi ba, sai a ce mai ƙara da wanda ake ƙara. Tsakanin matakin farko da na biyu bai kamata a daɗe ba, domin sashe na 35 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Yadda ake bin wannan a aikace kuwa, wanda ɗan'uwansa ya taɓa kwana a caji ofis ya fi ni sani.

To kin ga kuskurenki na farko. Mutumin da aka kama jiya, ba a kai shi kotu ba, ba a fara tuhumarsa ba tukuna. Na biyun ya fi muni, shi ne "ɓarawon". Kin riga kin yanke masa hukunci a farkon jimla, sannan kika dawo kina cewa ana tuhumarsa. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 5 na tsarin mulkin ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. Kafin tsarin mulki ma, duk wanda ya yi karatun Arba'una Hadisi ya haddace cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. "Ɓarawon da ake zargi" da "'yan fashin da ake zargi" sun cika kafafen labarai har kunne ya saba, amma sabo bai mai da su daidai ba.

Kada ki ji kunya, ni na yi wanda ya fi naki. Ina sabon tafinta aka kawo wani dattijo daga ƙauye, ana cewa ya sare itacen ɗorawa a gonar maƙwabcinsa. Aka karanta takarda, na juya na ce masa, "Baba, ka ji tuhumar da ake yi maka. Ka amsa laifinka?" Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, na amsa." Alƙali ya ɗauki alƙalami zai rubuta, sai ya tsaya ya dube shi, da yake shi ma Bahaushe ne. Ya ce, "Baba, kai ka sare itacen?" Dattijo ya ɗago a firgice ya ce, "Ni? Wallahi rabona da gatari tun kafin azumi." Alƙali ya ce, "To me ka amsa?" Ya ce, "Ai hukuma ce ta kira, wa ya isa ya ƙi amsawa?" Aka yi dariya a kotu, ni ban yi ba. Kalma biyu na zuba masa a matsayin tarko ban sani ba: "amsa" da yake ji a matsayin ladabi, da "laifinka" da ta riga ta mallaka masa laifin. Daga ranar ban sake tambayar kowa haka ba. Cewa nake yi, "An ce ka yi kaza. Ka yi ko ba ka yi ba?"

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da raba mai cewa "na tabbata" da mai cewa "ina dai tuhuma". Suna da abin da suke kira rantsuwar tuhuma. Idan mai ƙara bai tabbata ba, zato ne kawai mai ƙarfi, wanda ake ƙara ne zai rantse, kuma in ya ƙi ba a mai da rantsuwar kan mai ƙara, don ba a sa mutum ya rantse a kan abin da bai sani tabbas ba. A Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, wadda alƙalan kotunan shari'a na ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da ita, an nuna cewa wanda aka sani da mutunci ba a tsananta masa bincike a kan da'awar sata da ba ta da tabbas, ba kamar wanda aka riga aka sani da hali ba.

Yanzu sai ƙazafi, kuma nan ne nake so ki fi natsuwa. Zargi da tuhuma ba su ce gaskiya ne ba, ba su ce ƙarya ne ba, sun bar ƙofa a buɗe. Ƙazafi ya rufe ƙofar. Duk wanda ya ce "ƙazafi aka yi masa" ya riga ya wanke wanda aka faɗa wa magana, ya kuma mai da laifin kan mai faɗar. Wato ita kanta kalmar zargi ce, sai dai ta juya baya ta nufi mai zargin. Saboda haka ba naki ba ne ki rubuta "ɗan majalisar ya yi wa kwamishina ƙazafi". Abin da za ki rubuta shi ne "kwamishinan ya ce ƙazafi aka yi masa". Ki bar kalmar a bakin mai ita.

Asalinta a Larabci jifa ne, kuma a shari'a tana da iyaka ƙuntatacciya: jifan mutum kamili da zina ko luwaɗi, ko kore shi daga ubansa. Suratun Nur aya ta 4 ta ce wanda ya jefi mata masu kamun kai bai kawo shaidu 4 ba, a yi masa bulala 80, kada kuma a sake karɓar shaidarsa. A cikin surar ne, daga aya ta 11, aka wanke Nana A'isha daga ƙiren ƙaryar da aka yaɗa a Madina bayan dawowa daga yaƙin Banu Musɗaliƙ. Mazhabar Imamu Malik ta ƙara da cewa ko da habaici aka yi, in dai an fahimci abin da ake nufi, haddi ya hau. Mutum ya ce wa abokin faɗansa, "Ni dai uwata ba 'yar iska ba ce," bai ambaci uwar kowa ba, amma kowa ya gane. Mu da habaici ya zama mana kamar gishiri a miya, ya kamata wannan ya sa mu yi hattara. Haka kalmar "shege" da ake watsa wa yara ba ko tunani, in aka bi ta zuwa gindinta kore nasaba ce.

Bayan jihar Zamfara ta fara aiki da dokokin laifuka na shari'a a 2000, wasu jihohi 11 suka biyo baya, ƙazafi ya zama laifin da ke rubuce a kundi. A shekarar ce wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya da ta yi ciki bulala 100 na zina, ta ƙara mata 80 na ƙazafi saboda ta ambaci maza 3 ba ta iya kawo isassun shaidu ba. Daga baya aka janye 80 ɗin. Ko me mutum yake gani game da wannan shari'a, ta nuna yadda magana kan juyo ta hau wanda ya furta ta.

A bakin jama'a ƙazafi ya fi haka faɗi, duk wata ƙaryar da aka liƙa wa mutum ana kiranta haka, ko ta sata ce ko ta cin amana. Yana da 'yan'uwa da yawa, kowanne da ɗanɗanonsa. Ƙage daga ƙagawa yake, a ƙirƙiri abin da bai faru ba, tushensu ɗaya da ƙagaggen labari. Sharri ya fi nuna mugun nufi, shi ya sa ake ƙulla shi kamar yadda ake ƙulla kaya, a shirya a ɓoye sannan a kai wa mutum. Yarfe na 'yan siyasa ne musamman, kuma in kin taɓa ganin wanda ya taɓa taɓo ya yarfar da hannu, kin san hoton: ba ruwansa da inda zai faɗa, ya dai samu rigar wani. Sai shafa kashin kaji, wanda ko an wanke wari ba ya fita da wuri, da rataya wa mutum jakar tsaba don kaji su bi shi. Bi-ta-da-ƙulli kuma shi ne abin da kusan duk tsohon mai mulki ke kiran tuhumar da aka kai shi kotu a kanta. Wani lokaci da gaskiyarsa, wani lokaci kuwa biri ya yi kama da mutum. Duk waɗannan hukuncinsu ɗaya da ƙazafi a rubutun labari, sai kin jingina su ga wanda ya faɗa.

Tunda an taɓo aure, akwai wata magana da ke yawo cewa da zarar zargi ya shiga tsakanin miji da mata, aure ya ɓaci. In ana nufin zaman ya daina daɗi, gaskiya ne, gidan da ake binciken waya da tsakar dare ba gida ba ne. Amma in ana nufin igiyar ta tsinke a shari'a, ba haka ba ne. Zargin zuci ba ya kashe aure. Abin da ke raba su shi ne li'ani, wanda ya zo a Suratun Nur aya ta 6 zuwa ta 9: miji ya fito fili ya jefi matarsa da zina ko ya kore cikinta, ba shi da shaidu, ya yi rantsuwa 4 a gaban alƙali, ta biyar ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake yi, ita ma ta yi nata 4, ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah in gaskiya ya faɗa. Bayan wannan sun rabu har abada. Tsakanin "raina bai kwanta da ita ba" da wannan tsayuwa akwai tafiya mai nisa, kuma kalma ɗaya ce, zargi, mutane ke amfani da ita su haɗe su.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba na so in bari. Wasu sun mai da "ana zargin" garkuwa. Mutum zai hau Facebook ya zuba wa wani duk abin da ya ga dama, ya liƙa "ana zargin" a gaba, yana ganin ya tsira. Wa ke zargin? Wannan "ana" ɗin ba ta da fuska. In 'yan sanda ne, ki ce 'yan sanda. In maƙwabta ne, ki ce maƙwabta. In kuwa kin duba kin ga ba kowa sai wani saƙon WhatsApp da ba a san mafarinsa ba, to ke ce mai zargin, kin dai ɓuya a bayan kalma. Kundin laifuffuka na Arewa da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya yi maganar ɓata suna a sashe na 391 da na 392, kuma bai tsaya kan wanda ya ƙirƙiri magana ba, ya haɗa da wanda ya yaɗa ta. Suratul Hujurat aya ta 6 ma umurnin da ta bayar shi ne a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci.

Ban ɗauki wannan a matsayin ƙa'idar aji kawai ba, don mun ga inda zargi ke kaiwa in taro ya ɗauke shi a matsayin hukunci. Ihun "ɓarawo!" sau ɗaya a kasuwa ya isa a nemo taya da fetur. Marar lafiya cikin zafin zazzaɓi ya kama sunan wata tsohuwa, kafin la'asar an jawo ta an ce mayya ce sai ta tsallake shi. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu.  Ko matakin tuhuma ba su samu ba.

Jimlarki kuwa ga yadda zan rubuta ta: "'Yan sanda sun ce sun kama wani matashi da suke zargi da satar babur." Kin faɗi wanda ya ce, kin faɗi masu zargin, ba ki kira shi ɓarawo ba. Ranar da aka kai shi kotu sai ki ce an gurfanar da shi ana tuhumarsa da sata, ki kuma faɗi ko ya musa. In alƙali ya same shi da laifi, a nan ne kike da damar cewa ya saci babur. In kuwa aka sake shi, ki saurara da kyau ki ji wace aka yi, domin sallama dabam, wankewa dabam. Ana iya sallamar mutum don mai gabatar da ƙara bai kawo shaidu ba, kuma a sake kamo shi gobe a kan maganar. Wanda kotu ta wanke ba a sake yi masa shari'a a kan wannan laifin. Ki rubuta ranar da aka ɗage shari'ar a littafinki, ki koma kotun da kanki ko ki aika, don masu sauraron da suka ji sunan unguwarsu ranar kamu suna nan suna jiran jin yadda ta kaya.